Shekarar da Matata Ta Ajiye Sunan Amarya

Ni dai ban sha wahalar zama Malam ba. Ranar da na fara ɗora hula a kaina na fita tashar Kurfi, gemu bai ko fara shawarar fitowa ba, wani kwandasta ya dube ni ya ce, "Malam, Dutsin-Ma?" Na waiga in ga malamin da ake magana da shi, ban ga kowa a bayana ba sai wata akuya. Tun daga ranar nake Malam, ban koya wa ɗan kowa ko baƙi ɗaya ba. Da tumbi ya fito aka ƙara mini Alhaji, alhali iyakar gabas ɗin da na taɓa yi Kano ce. Da na buɗe rumfar gyaran injin ban-ruwa a bakin kasuwar Dutsin-Ma, manoman Kutawa da na Shema suka ɗora mini Injiniya. Yanzu da jami'a take kusa da mu, ina jin in Allah ya ja kwana sai iska ta kwaso mini Farfesa.

Matata kuwa suna ɗaya aka ba ta a gidanmu, shi ta ɗauka shekara ashirin da 'yan kai: Amarya.

Ga yadda abin ya samo asali. Sunanta na yanka ɗaya ne da na mahaifiyata, wadda muke kira Inna. A gidanmu na Kurfi ba mai iya buɗe baki ya ambaci wannan suna. Ni ba zan iya ba, ƙannena ba za su iya ba, matansu ma haka. Ita kanta Inna nauyin kiran sunanta take ji. Saboda haka ranar da aka kawo matata, Inna ta ce Amarya, kowa ya bi. Ba wanda ya ga wani abu a ciki, don irin wannan suna na ɗan lokaci ne, kamar lalle. Mace ta haihu, ta koma Maman wane. Ta je Makka, ta koma Hajiya. An yi mata ta biyu, ta koma uwargida.

To mu Allah bai ba mu haihuwa ba. Mun yi na asibiti, mun yi na gida. Jiƙe-jiƙen da ni kaɗai na sha, in aka juye su a madatsar Zobe sai ta yi ambaliya. Makka ba ta kira mu ba tukuna. Aure kuma ban ƙara ba, wadda nake da ita ta ishe ni tunani. Mun riƙe 'ya'yan dangi, sun girma a hannunta, sun yi aure, suna ce mata Amarya. Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a gida, duk unguwarmu ƙulin Amarya ake cewa. Ni ma haka nake kiranta, tana amsawa. Lallen ya ƙi gogewa, har furfura ta zo ta same shi.

Abin ya fashe ne a bikin ɗan ƙanena, a Kurfi. Ba na wurin lokacin da ya faru, muna waje a kan tabarma mu maza muna yaƙi da shinkafa. Ita ta ba ni labari daga baya, kuma matata ba ta ƙara wa magana gishiri, wannan fannin nawa ne.

An kawo yarinyar, danginta sun cika tsakar gida. Inna daga bakin ƙofarta ta ce, "Amarya, kawo ma baƙi ruwa." Matata ta miƙe. Yarinyar da aka kawo, tana lulluɓe, ita ma ta yunƙura za ta tashi. Mata suka sa dariya. Matar ƙanena, uwar ango, wadda bakinta ba shi da birki, ta ce, "Ke zauna, ba ke ba, tsohuwar ake nufi. Mu a gidan nan amarya biyu gare mu, sabuwa da mai furfura."

Aka ƙara dariya. Sai wata dattijuwa cikin baƙin, ba da mugunta ba, ta ce, "To mu baƙi, Maman wa za mu ce mata?"

Can wata ta ce, "Ku dai ce Amarya."

Matata ta kawo ruwan, ta bi kowa ta ba shi, har da mai tambayar.

Da la'asar muka kamo hanya a babur, don yanzu ba a son yamma ta yi wa mutum tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. A al'ada, matata ce direba ta biyu. Duk ramin da ke kan wannan hanya ta san shi, tana sanar da ni zuwansa tun yana nesa, in na faɗa kuma ta yi mini bayanin yadda aka yi na faɗa. Ranar nan na shiga ramuka da gangan, har da waɗanda sai da na ratse na neme su. Ko uffan.

Washegari da safe na zauna a bakin tabarma na ce, "Amarya, shayin fa?"

Tana tsugune tana tsince gyaɗa. Ba ta ɗago ba.

"Amarya."

Shiru. Na leƙa fuskarta ko kunnen ne ya toshe da ƙurar hanya. Ta ture faifan gefe, ta dube ni.

"Malam, wa ka taɓa karantarwa?"

"Da sassafen nan?"

"Tambayarka na yi. Da ka yi aure, kwana nawa aka yi ana ce maka Ango?"

"Bai fi mako ba."

"Daga nan ka koma Malam. Ba wanda ya jira ka haihu. Ba wanda ya taɓa tsayar da kai a taro ya ce Baban wa za mu ce maka. Ni kuwa sai na kawo wani abu a hannu kafin a san yadda za a kira ni." Sannan ta ba ni labarin abin da ya faru, tiryan-tiryan. Da ta gama ta ce, "Daga yau na ajiye. Duk wanda ya ce Amarya, da bango yake magana. Kuma ƙafata ba za ta sake taka gidan Kurfi ba sai an daina."

"Har Inna?"

"Daga bakin Inna aka fara."

Nan na ji shayin ya fita raina. Matata da Inna ba surukai ba ne irin na labari. Matata ce ke yi mata kitso, ita ke yanke mata farce, ita kaɗai Inna ke yarda ta dama mata fura. In aka yi wata ba ta je ba, Inna kan aiko a tambaya ko na saki 'yar mutane ne ban faɗa ba. Ga Inna ta tsufa, ba a san gobe ba. A ce waɗannan biyun sun daina ganin juna saboda kalma ɗaya, wannan ba abin dariya ba ne, ko a wurina.

Na gwada lallashi ta hanyar da na iya. Na ce, "To mu ce Hajiya."

"Ka kai ni? Kai da ka tsinci Alhajinka a bakin kasuwa, riƙe kayanka."

Na kawo sunan yarinyar da muka riƙa tun tana rarrafe, na ce a ce Mamanta.

"Uwarta na da rai, kuma da sunan ake kiranta. Ba na aro."

"Uwargida fa?"

Ta ɗaga gira. "Shiri ka fara?"

Na janye wannan da gudu, har ina tuntuɓe.

"Abin da aka ba ka kyauta a tasha," ta ce, "shi nake so. Malama. Ba sai na haifa ba, ba sai na hau jirgi ba, ba sai an yi mini kishiya ba."

Ni mai wasa ne, kowa ya sani, amma akwai abu ɗaya da manoma suka shaide ni da shi: injin da ya shigo rumfata yana gardama, ko ni ko shi. Na dubi matar nan da ta yi shekara ashirin tana amsa sunan kwana bakwai don kada ta ɓata wa kowa, na ce mata, "Shi ke nan, Malama. Ki bar mini sauran."

Da harshena na fara, kuma shi ya fi kowa taurin kai. Sai in buɗe baki tsohon sunan ya riga ni fita, in kamo shi a rabin hanya in mayar. Na yi kwanaki ina magana kamar mai shaƙuwa. Da bakin ya saba, sai wata matsalar ta taso. A garinmu, miji ba ya ce wa matarsa Malama sai rai ya ɓaci. In ka ji ta katanga an ce, "Malama, saurara mini," to ka san tukunya ta kusa fashewa. Ni kuwa ga ni safe da yamma, Malama ga cefane, Malama ina hulata.

Maƙwabciyarmu, wata Kirista 'yar Filato da ke aiki a asibiti, ta daɗe a unguwar har Hausarta ta fi tawa tsabta, ta tare ni a ƙofar gida.

"Oga, ba shiga sharo ba shanu ba, amma kwana biyu ina ji kana ce wa madam Malama. Me ta yi maka? In wani abu ne a zauna a gyara."

Na yi mata bayani. Ta ce, "Ka san ni ma duk unguwar nan ba wanda ya san ni sai da sunan ɗana? Yaron yana Abuja yana aiki, ni ina nan ina yawo da sunansa. Maigidana kuwa Oga ne tun ranar da muka sauke kaya." Ta wuce ni ta shiga gidan, na ji ta daga zaure tana cewa, "Malama, ina kwana?" Na ji matata ta amsa da wata murya da na daɗe ban ji ba. Mutum ɗaya ke nan na samu.

Masu sayen ƙuli sun fi wuya. Mace za ta shigo ta ce, "Amarya, akwai na yau?" Matata na murza tunkuza, ko kallo. Matar ta maimaita, ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta fita tana cewa an shiga tsakani. Sai na koma tsayawa a zaure kafin in tafi rumfa, kamar ɗan sandan kan hanya, duk wadda ta zo in tsayar da ita in yi mata bita. Wasu suka yi dariya suka bi. Wasu suka ce girman kai ne ya zo mata da tsufa, suka koma sayen ƙulin wani gida, mai tauri, wanda na tabbata ya rage wa unguwar haƙora. Matata ba ta bi kowa da ban-haƙuri ba. Da kaɗan-kaɗan suka dawo, don ciki ba ya riƙe fushi.

Labari ya isa kasuwa kafin ni. Maƙwabcin rumfata mai faci ne, abokina tun muna samari, yana da jikoki. Ina zuwa ya tare ni a gaban mutane.

"Injiniya, an ce ka zama ɗan kamfe, gida-gida kana canza wa madam suna. Sai yaushe za a buga fosta?"

"Da kai zan fara mannawa."

"Kai dai mace ta juya ka. Amarya ai yabo ne. Wace mace ce ba ta so a ce mata amarya? Tawa in na ce mata haka har nama take ƙara mini."

"Yabo ne?"

"Babba ma."

"To madalla, Ango."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Daga ranar ban sake kiransa da wani suna ba. Ango, ara mini sifana. Ango, an kira salla. In mai babur ya tsaya yana neman mai faci, in ce, "Ga Ango can, yi haƙuri da shi, bai gama warwarewa ba." Masu shayi suka ɗauka, 'yan acaɓa suka ɗauka, ranar kasuwa har mutanen ƙauye suna yi masa Allah ya sa alheri, suna tambayar 'yar wane gari ce. Wani ya kawo masa turare. Magana ta kai gidansa, matarsa ta ajiye tukunya ta ce sai ya faɗa mata inda ya ɓoye yarinyar. Bai cika mako biyu ba ya zo rumfata ya tsuguna, furfurarsa duk ta yi laushi.

"Don girman Allah ka sauke mini. Da jikokina ana ce mini Ango, kamar wanda bai taɓa yin komai a duniya ba sai ɗaura aure."

"Kai ko wata ba ka yi ba," na ce. "Lissafa shekara ashirin."

Ya tashi ya koma rumfarsa. Amma da ya aiko a saya masa man gyaɗa, cewa ya yi a karɓo wurin Malama.

Dutsin-Ma ta faɗo hannu. Saura Kurfi, kuma duk abin da na yi a baya share fage ne.

Da farko ban gaya wa Inna gaskiya ba. Duk zuwan da na yi ni kaɗai, takan leƙa bayana ta ce, "Kai mutumin Dutsin-Ma, ina Amarya?" Haka take kirana, don ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Sai in ce ciwon kai. Wani zuwan in ce ƙafa. Na ɗora wa matar nan cututtukan da in da gaske ne da likitoci sun zo daga Katsina kallonta. Ƙaramar salla ta wuce ba ta je ba. Kan Inna ya tsefe ya zauna haka, ta ƙi yarda kowa ya taɓa. Ranar da na ga ta ɗaura ɗankwali har kan gira don ta ɓoye, na zauna a gabanta na faɗa mata komai.

Ta saurara har na gama.

"Malama," ta ce, kamar ta ɗanɗana abu mai ɗaci. "Makaranta ta buɗe?"

"Inna, ni wace na buɗe?"

"Kai namiji ne."

"Shi ke nan dalilin?"

"Kada ka kawo mani surutun kasuwa. Ni na sa mata sunan ga da bakina, ranar da ta shigo gidan ga. Yanzu ɗiyar da na riƙa kamar ni na haife ta, in buɗe baki in ce mata Malama, kamar wata baƙuwa a mota? Mi na yi mata?"

"Ba ke kika yi ba. Amma an yi dariya, Inna, kuma da sunan aka yi."

"Waccan mai bakin na yi mata faɗa tun ranar."

"Faɗan bai cire sunan ba."

Ta juya mini baya ta ce in tashi in kama hanya kafin rana ta yi sanyi.

Na koma. Na sake komawa. Na bi hanyar Kurfi har ramukan suka fara gaishe ni. Wani zuwan ta ƙi maganar, wani zuwan ta ce in gaya wa Amarya furar gidan ta lalace, ni kuwa in ce ban san mai wannan suna ba, ta jefe ni da mafici. Ƙanena ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ka bar tsohuwar nan ta huta, ka ba matarka haƙuri." Na ce masa haƙuri ta ba mu shekara ashirin, ya ƙare, ba a sake kawowa ba.

Sai wata rana, damina ta fara, muna zaune ni da Inna a bakin ƙofarta ana yayyafi, ba tare da na tayar da maganar ba ta ce, "Kai ba ka san komi ba. Kana tsammani mantuwa na yi ban canza mata ba?"

Na gyara zama, ta ci gaba.

"Amarya jira take. Duk wadda ake ce ma amarya, ana sa ran alheri na tahe. Ranar da na daina, kamar na ce ma duniya na fidda rai ne. Ni kuwa ban fidda ba. Kullum na yi salla sai na roƙa mata." Ta goge ido da bakin zane. "To ka ji. Tahi ka yi dariyar da wannan."

Ban yi dariya ba. Na hau babur na dawo a hankali, ruwa na dukana, ina jin an ba ni kayan da suka fi ƙarfin babur ɗin. Na sami matata tana tace mai, na faɗa mata yadda Inna ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba, wanda a wurina ba ƙaramin aiki ba ne.

Ta daɗe tana kallon man yana zuba.

"Na sani," ta ce. "Tun da daɗewa na sani. Shi ya sa na yi ta amsawa." Ta ajiye kwalbar. "Malam, ni na gama jira. Na yi kukana na share, na gode wa Allah da abin da ya ba ni. Amma duk wanda ya kira ni da sunan nan, sai ya mayar da ni bakin ƙofa in ci gaba da leƙe. Inna ta ci gaba da roƙo, ban hana ta ba, Allah mai iko ne. Ta roƙa mini a kan sallaya. In ta sauko, ta kira matar da ke gabanta."

"In faɗa mata haka?"

"Kalma-kalma. Kada ka sa gishirinka."

Na kai saƙon kalma-kalma. Carbin Inna ya tsaya a hannunta.

Ana cikin haka yarinyar da aka kawo bara ta haihu, namiji. Aka sa ranar suna. Duk dangi za su hallara, har da baƙin nan na wancan karon, kuma kowa zai ga wadda ba ta zo ba. In matata ba ta je wannan ba, na san abin zai daskare, ya zama irin gabar da ake gada ba a san mafarinta ba. Ana jibi suna na je na tsaya a gaban Inna na ce ba zan zauna ba, amsa na zo karɓa.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ka kawo ta."

"Inna, da wane suna?"

"Na ce ka kawo ta. Kunnenka ma sai an kai shi rumfa?"

Ba alkawari ba ne, kuma ban sayar wa matata shi a matsayin alkawari ba. Ta yi tunani ta ce, "Zan je. Amma jakata ba za ta bar hannuna ba. In na ji sunan nan daga bakin Inna, zan gaishe ta, in juya, in tafi tasha da ƙafata. Kada ka biyo ni da magiya."

"Ba zan biyo ki da magiya ba. Da babur zan biyo ki."

Ranar suna muka isa da hantsi, an riga an yanka rago. Na bar mazan a waje na bi ta har tsakar gida, abin da ban saba ba, amma ɗan gida ne ni, kuma ba zan bari a ba ni labarin wannan ba. Mata cike, tukwane a kan murhu, hayaƙi ko'ina. Matata ta yi sallama, jaka a maƙale a hammata.

Matar ƙanena ce ta fara hango ta. "A'a, wa nake gani? Amarya, kin ɓuya. Sannu da zuwa."

Matata ba ta amsa ba. Ba ta ɓata fuska ba, ba ta kuma dube ta ba. Idonta na kan ƙofar Inna. Hira ta fara mutuwa daga wannan murhu zuwa wancan, har ya rage ba abin da ake ji sai tafasar tukunya. Inna na zaune a kan tabarmarta, ɗankwali har gira. Ta buɗe baki, na ga leɓenta ya ɗauko tsohuwar hanya, ta rufe. Matata ta gyara riƙon jakarta.

"Malama," in ji Inna. Da ƙyar ya fito, kamar ta ɗaga turmi.

"Na'am, Inna."

Wata yarinya a gefe ta fara ƙyalƙyala. Inna ta juya ta dube ta sau ɗaya, dariyar ta koma inda ta fito.

"Ajiye jakar ga ki zo ki duba mani miya," Inna ta ce. "Tun safe nike faɗa masu gishiri ya yi yawa, ba mai ji. In kin gama ki zo ki ga abin da suka bar kaina ya zama."

Matata ta durƙusa ta gaishe ta, suka daɗe hannu cikin hannu. Sannan ta miƙe ta rataye jakar a ƙusa cikin ɗakin Inna, ta naɗe hannun riga ta nufi murhu. Matar ƙanena ta matsa mata, ta miƙa mata ludayi, ta ce a hankali, "Ga shi, Malama."

Sai a lokacin Inna ta lura da ni.

"Kai kuma mi kake yi cikin mata? Fita."

Na fita. Na ci naman suna kamar mutum uku. Da la'asar na aika a ce mata ta fito mu kama hanya, aka dawo mini da amsa cewa Malama ta ce in tafi, kitson Inna ba na yini ɗaya ba ne, sai ta neme ni. Na koma Dutsin-Ma ni kaɗai, na yi kusan mako ina jiƙa garin kwaki, ina ba maƙwabta tausayi.

Har yau bakin Inna kan zame wani lokaci. In ya zame, matata sai ta ci gaba da abin da take yi, ba fushi ba gaggawa. Inna ta yi tsaki, ta gyara, sannan a amsa mata.